Kafin Ka Sayi Kayan Tarakta Don Gyaran Hanyar Burji, Fara Auna Hanyar Da Wayarka

Duk wanda ya sauka daga babban titin Kano zuwa Zariya a Kwanar Ɗangora, ya miƙi hanyar Tudun Wada da Doguwa, ya san kwalta ba ta bin mutum har ƙofar gonarsa. Da zarar an ratse zuwa ƙauye, ko wajen casar shinkafa, ko gidan kaji, sai jar ƙasa. A watan Agusta wannan jar ƙasar kan koma taɓo mai riƙe ƙafar mota. A watan Fabrairu kuma ta koma gargada mai kwance notin babur. Tsakanin waɗannan watanni biyu akwai kaka, lokacin da masara da shinkafa ke jiran motar da za ta fitar da su. Idan direban kanta ya leƙa hanya ya ce ba zai shiga ba, ko ya ninka kuɗin ɗauko, manomi ne ke biyan bambancin daga ribar shekararsa.

A gefe guda kuma, wayoyin matasa cike suke da bidiyoyin YouTube da TikTok, inda ake ganin Ba'amurke a kan 'yar ƙaramar tarakta yana jan wani akwatin ƙarfe, cikin minti biyu hanyar gidansa ta yi sumul. Mai kallo sai ya fara lissafi: ga tantan ɗin gidansu ko ta maƙwabci tana zaune tun da aka gama haro, me zai hana a sayo irin wannan ƙarfe a maƙala mata?

Tunanin yana kan hanya. Sai dai ƙarfen da ya fi kyau a bidiyo ba lallai ne ya zama wanda hanyar Yaryasa ko ta Gwarmai ke buƙata ba. Hanyoyin cikin bidiyon yawanci dutse ne da inji ya farfasa aka shimfiɗa. Burjin kudancin Kano kuwa marmara ce mai haɗe da yumɓu, wadda ke ƙanƙarewa da rani, ta yi santsi da damina. Wanda ya sayi kaya bai auna hanyarsa ba, zai iya ƙarewa da ƙarfen da ke ƙara ɓata ta.

Ruwa ne ke cin hanya

Rami a hanyar burji daga ruwan da ya kwanta yake farawa. Ruwan ya jiƙa ƙasa, taya ta taka ta watsar da laka, wurin ya ƙara zurfi, ruwan sama na gaba ya sami mazauni mafi girma. Shi ya sa injiniyoyin hanyoyin karkara suke fara duba abu biyu kafin komai: doron hanya da lambatun gefenta.

Doro shi ne tsakiyar hanya ya ɗara gefunanta tudu, yadda ruwa zai gangara hagu da dama nan take. Ma'aunin da aka saba bi a hanyar tsakuwa shi ne kashi 4 zuwa 6 cikin 100. Idan faɗin hanya mita 4 ne, daga tsakiya zuwa gefe mita 2 ke nan, don haka a kashi 5 cikin 100 tsakiyar za ta fi gefe tudu da santimita 10. Idan doron bai kai haka ba, ruwa ya kwanta. Idan ya zarce da yawa, babur da a-kori-kura mai lodi su riƙa zamewa gefe.

Lambatu kuma shi ne ke karɓar ruwan da ya sauko daga doron ya tafi da shi. Kuma dole a yi masa mafita lokaci-lokaci, wato ƙananan magudanai masu karkata ruwan zuwa fili, don kada ya taru ya yi ƙarfin yanka kwari a gefen hanya.

Saboda haka tambayar farko ga mai son sayen kaya ita ce: wane ƙarfe ne zai ba hanyar nan doro, ya buɗe mata lambatu? Sumul ɗin da ake gani a bidiyo daga baya yake zuwa.

Yankin ba iri ɗaya ba ne

A Bebeji da Kiru ƙasa ta fi shimfiɗa. Matsalar da aka fi gani ita ce ruwa mai kwanciya, da hanyar da ta zaizaye har ta koma ƙasa da gonakin da ke gefenta, ta zama ita ce magudanar ruwan yankin. A kusa da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin mulkin Audu Baƙo, da sauran wurare masu fadama, ƙasa kan daɗe a jiƙe. Irin wannan hanya ciko take so, a ɗaga ta sama da filin da ke kewaye da ita. Ba wuƙar da za ta yi maganinta ita kaɗai, sai an kawo ƙasa.

A Tudun Wada, inda hada-hadar shinkafa da masara ke da ƙarfi, nauyin lodi ne ke yin ɓarna. Manyan motoci na bin sawu ɗaya har tayoyinsu su haƙa layi biyu, ruwa ya bi layukan. A nan ana buƙatar abin da zai fasa ƙasar da ta ƙanƙare, ya mayar da ita mazauninta, sannan a danne.

Idan aka ƙetare dajin Falgore zuwa Doguwa, har Riruwai mai duwatsu da tsohon tarihin haƙar kuza, labarin ya sake. Ruwan sama ya fi na birnin Kano yawa, ga hawa da gangara. Ruwa ba ya kwanciya, gudu yake yi, yana kwashe tsakuwa. A gangaren da ya wuce kashi 6 cikin 100 asarar tsakuwar tana da sauri, don haka mafitar ruwa sai ta yi kusa da juna, kuma a jera duwatsu a cikin lambatu don rage wa ruwan gudu.

Awo huɗu da waya za ta yi

Kusan kowace wayar zamani tana da ƙaramar na'urar da ke gane karkata da girgiza. Ita ce ke juya hoton allo idan an kwantar da wayar. Da ita da GPS za a iya tattara bayanan da ake buƙata kafin a kashe ko sisi.

Na farko, tsawo da faɗi. A Google Maps, idan aka danna wuri aka riƙe har alama ta fito, akwai zaɓin auna nisa, sai a bi kwanonin hanyar ɗaya bayan ɗaya. Faɗi kuwa tef ɗin awo ya fi, domin GPS na waya kan yi kuskuren kimanin mita 5 ko a sarari, wanda ya fi faɗin hanyar ma.

Na biyu, doro. A nemi katako miƙaƙƙe mai tsawon mita 2, a kwantar da shi daga tsakiyar hanya zuwa gefe, a ɗora wayar a kai tare da manhajar auna karkata. Masu iPhone suna da ita a cikin manhajar Measure. Masu Android za su iya sauke phyphox, manhaja ce kyauta da jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta ƙirƙira don gwaje-gwajen kimiyya. A kula da abu biyu. Tudun kyamarar bayan waya yana karkata ta, gara a tsayar da ita a kan gefenta. Sannan a karanta sau ɗaya, a juya wayar kai ya koma ƙafa a sake karantawa, a ɗauki tsaka-tsakin biyun, wannan yana soke kuskuren na'urar. Idan manhajar da digiri take awo, kashi 4 cikin 100 ya yi daidai da kimanin digiri 2.3, kashi 5 kimanin 2.9, kashi 6 kuma kimanin 3.4. A maimaita awon duk bayan mita 50, a rubuta.

Na uku, taswirar ruwa. A fita bayan an ɗauke ruwan sama mai ƙarfi, a kunna ajiye wuri a kyamara, a ɗauki hoton duk inda ruwa ya kwanta ko ya ƙetare hanya. Hotunan nan su za su nuna inda ake buƙatar ciko, da inda sai an saka kwalbati.

Na huɗu, yawan ƙasa. Tsawo sau faɗi sau kauri. Hanya mai mita 500, faɗi mita 4, da ake son ƙara mata kaurin santimita 10, tana cin ƙasa mita mai kusurwa uku 200 bayan an danne. Tunda ƙasar da tifa ke saukewa sakwa-sakwa ce, sai a ƙara kamar kashi ɗaya cikin huɗu, ya zama 250. A auna cikin bodin tifar da za a ɗauka, tsawo sau faɗi sau zurfi, a raba 250 da abin da aka samu. Idan tifar tana ɗaukar 5, sahu 50 ke nan. Da wannan lissafi ba wanda zai faɗi adadin sahu da ka a yarda.

Wanda ke son ƙari zai iya ɗaure wayar tam a kan babur, ya kunna awon girgiza a phyphox, ya bi hanyar da gudu iri ɗaya kafin gyara da bayan gyara, ya fitar da sakamakon zuwa Excel ko Google Sheets. Ba awon injiniya ba ne, amma ya isa nuna wa masu biyan kuɗi bambancin da aikin ya kawo.

San taraktar kafin kayanta

Yawancin kayan da za a ambata a baya ake maƙala su, a hannaye uku na ƙarfe: biyu a ƙasa masu ɗagawa da ƙarfin haidirolik, ɗaya a sama mai riƙe kusurwa. Harry Ferguson, ɗan Ireland ta Arewa, shi ya ƙirƙiro tsarin, kuma ya yaɗu a duniya ta taraktar Ford 9N ta 1939 da Ferguson TE20 ta 1946. A yau hannayen suna da aji-aji, kuma a nan masu saye ta intanet ke yawan faɗawa rami.

Aji na 1, na ƙananan taraktoci masu ƙarfin doki kamar 20 zuwa 45, kaurin fil ɗin ƙasa milimita 22 ne, na sama 19. Aji na 2, na masu ƙarfin doki kamar 40 zuwa 100, na ƙasa milimita 28 ne, na sama 25, kuma tazarar hannayen ta fi faɗi. Yawancin kayan da ke cikin bidiyoyin Amurka na aji na 1 ne. Taraktocin da aka saba gani suna haro a gonakin Arewa kuwa, irin su Massey Ferguson 375 mai ƙarfin doki 75, aji na 2 ne. Ana iya sa zobe a cike gurbin fil ya shiga, amma zobe ba ya ƙara wa ƙarfe kauri. Wuƙar da aka ƙera don doki 30, idan doki 75 ya ja ta ta haɗu da dutse, lanƙwashewa za ta yi.

Sai faɗi. Dole kayan ya rufe sawun tayoyin baya, in ba haka ba taya za ta riƙa hawa kan ƙasar da ba a gyara ba. A auna daga bayan taya zuwa bayan taya. A tuna kuma idan an karkata wuƙa faɗin aikinta yana raguwa: mai mita 2.1 da aka karkata digiri 30, abin da take sharewa bai wuce mita 1.8 ba. Mai mita 2.4 kuma ta koma kusan 2.1.

Ita kuma 'yar ƙaramar tarakta mai taya biyu da ake turawa a gonakin shinkafa, ba ta da nauyin jan wuƙa a kan burji. Aikinta a nan shi ne jan ƙaramar tirela ta ɗauko ƙasa ko ruwa.

Kayan, ɗaya bayan ɗaya

Wuƙar baya. Faffaɗan ƙarfe ne irin na gireda, wanda ake iya juya shi ya fuskanci gefe, a kuma karkata baki ɗaya ƙasa. Da shi ake janyo ƙasar da taya ta watsa gefe a mayar da ita tsakiya, a gina doro, a kuma yanka lambatu. Wajen saye a tabbatar tana yin abu uku: juyawa, karkatawa, da gociyawa gefe yadda bakinta zai wuce taya ya isa lambatu. Rauninta shi ne tana bin motsin tarakta. Idan ƙafar gaba ta hau tudu, wuƙar ta nutse. Idan ta faɗa rami, wuƙar ta tashi. Direban da bai ƙware ba sai ya bar hanya da igiyoyi. Ƙaramar taya a bayan wuƙar tana rage wannan matsala sosai. Ga mafi yawan hanyoyin yankin, idan kuɗin abu ɗaya ne kawai a hannu, wannan ce ta farko.

Akwati mai haƙora. Shi ne tauraron bidiyoyin. Yana da bango hagu da dama, da wuƙa a baya, da haƙoran ƙarfe da ake saukewa su fasa ƙasa mai tauri. Yana kwasar ƙasa daga tudu ya zube ta a kwari. A hanyoyin da manyan motoci suka haƙa layi, ko rami ya yi yawa, haƙoran suna da amfani, domin rami ba ya mutuwa sai an fasa ƙasa har gindinsa. Idan aka zuba ƙasa a kansa kawai, ruwa biyu ya dawo da shi. Sai dai akwatin ba ya tura ƙasa gefe, kuma idan aka bi tsakiyar hanya da shi, doron yake askewa. Maganin shi ne a juya mariƙin da ke daidaita hannun dama na tarakta, ɓangare ɗaya ya sauka, a bi kowane rabin hanya daban. Gajarta hannun sama yana sa ya ƙara cizo, tsawaita shi yana sa ya riƙa shafewa.

Madaidaici mai wuƙa biyu. Ƙafafu biyu dogaye ne masu sululu a ƙasa, da wuƙaƙe biyu a tsakaninsu, ƙasa tana bi ta kansu tana zubewa a baya. Tsawon ƙafafun yana hana shi bin kowane ɗan tudu, don haka ya fi sauƙin sarrafawa, kuma gwani ne wajen kashe gargada. Amma ba ya haƙa lambatu, ba ya gina doro daga babu. Na kula da hanyar da ta riga ta sami siffarta ne.

Manjagarar tarakta. Tana tara duwatsu da karare da shara. A wurare irin Doguwa inda duwatsu ke warwatse a hanya tana taimakawa. A kan burji kuwa yawan amfani da ita yana raba tsakuwa da garin ƙasar da ke riƙe ta, don haka ba ta cikin sahun gaba.

Tirela mai juyewa da tankin ruwa. Ba sa burgewa a bidiyo, amma a hanyar da ke buƙatar ciko, irin na filayen Bebeji da Kiru, sun fi kowace wuƙa muhimmanci. Kuma tirela tana mayar da kuɗinta da kaka wajen jigilar amfanin gona.

Bokitin gaba. Yana loda ƙasa da sauri, sai dai yana da tsada, yana ɗora nauyi a ƙafar gaba, kuma ya fi dacewa da tarakta mai jan ƙafa huɗu. Ga gajeriyar hanya, matasa da shebur sun fi shi araha.

Jan taya. Tsofaffin tayoyin babbar mota uku ko huɗu, a haɗa su da sarƙa, a ja su a hankali. Ba ya gyara hanyar da ta lalace, amma yana hana ƙaramar gargada girma da rani, kuma kusan kyauta ne.

Akwai kuma abin da bai kamata ya hau hanya ba: haro da rija. Faifan haro yana sassauta ƙasa ya bar ta ba siffa, ruwan farko ya mayar da ita kunu.

Lokaci ya fi ƙarfe

Burji busasshe ba ya yankuwa. Wuƙa tana tsalle a kansa, garin ƙasar da ke haɗa tsakuwa ya tashi a ƙura. Jiƙaƙƙe sharkaf kuma mannewa yake. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne: a damƙi ƙasa a hannu. Idan ta dunƙule ba ta ɗigar da ruwa ba, lokaci ya yi. Idan ta wargaje ta bushe da yawa, idan ta fito ta tsakanin yatsu ta jiƙe da yawa.

Wannan danshin sau biyu ake samunsa a shekara ba tare da sayen ruwa ba: bayan ruwan farko, wajen Mayu zuwa Yuni, da ƙarshen damina, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. A karon farko kowace tarakta tana gona tana haro, samunta sai da rabo. A karo na biyu kuwa aikin gona ya lafa mata, ƙasa tana da sauran danshi, kuma motocin kaka ba su fara shiga ba. Wannan ne lokacin babban gyara. Abin da ake yi kafin damina shi ne share lambatu da bakin kwalbati, wanda aikin gayya da shebur ma ya isa. Hasashen yanayi da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara yana nuna lokacin da ake sa ran ɗaukewar ruwa, sai a tsara da shi.

Tsarin aikin: a fara da lambatu, a fasa ramuka har gindi, a janyo ƙasa daga gefe zuwa tsakiya, a shimfiɗe, a auna doro da katako da waya, sannan a danne. Gudu kada ya wuce kilomita 5 zuwa 8 a awa, domin wuƙar da ke gudu tsalle take yi, ita da kanta ta haifar da gargada. Idan ciko ne, kada a zuba fiye da kaurin santimita 15 a lokaci ɗaya. Inda babu rola, tirela mai lodi ta yi ta kai da komo tana sauya sawu har ko'ina ya taku.

Saye, haya, ko walda

Hanyar gida ko ta gona mai 'yan ɗaruruwan mitoci, aikin yini ɗaya ko biyu ne a shekara. Sayen tarakta saboda ita asara ce. Abin da ya fi ma'ana shi ne masu amfani da hanyar su haɗa kuɗi su mallaki wuƙar, su ɗauki hayar tarakta da direba.

A nan ne sana'a take ga matashi mai waya. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a 2014 kuma ya fara aiki a Najeriya, ya ginu ne a kan wannan tunani: ana saka wa tarakta na'urar GPS, wakili a ƙauye ya tattara masu buƙata ta manhaja, mai tarakta ya zo ya yi aikin a jere, wakili ya karɓi kamasho. An gina tsarin ne don aikin gona, amma dabarar tana aiki a hanya ko da zauren WhatsApp ne kawai. Mai tarakta ba zai taso daga Tudun Wada don mita 300 ba. Idan aka haɗa masa hanyoyi shida a yanki ɗaya, da tsawonsu da hotunansu da wurinsu a taswira, zai saurara.

Ba sabon abu ba ne a Afirka. Zimbabuwe ta shafe shekaru tana kula da hanyoyin karkararta da taraktocin noma masu jan gireda da tayoyi, Kenya ma ta bi wannan salo a shirinta na Roads 2000. Gireda ta ja, wadda wuƙarta ke tsakiyar doguwar ƙira mai tayoyinta, ta fi wuƙar baya fitar da aiki, kuma ita ta dace da ƙungiyar da ke kula da kilomitoci masu yawa. A Najeriya, jihar Kano tana cikin jihohin shirin RAAMP na hanyoyin karkara da kasuwancin amfanin gona, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 tare da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Irin wannan shiri zaɓaɓɓun hanyoyi yake ɗauka. Guntuwar da ta tashi daga bakin titi zuwa ƙofar gona tana wuyan masu ita.

Mai walda da ya ƙware zai iya ƙera jikin wuƙar baya ko akwati, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ba ta rasa ƙarfe. Abin da ba a wasa da shi shi ne bakin wuƙar. Ƙarfen gini ba ya jure marmara. A nemi bakin gireda na gaske ko da tsoho ne, a ɗaura shi da noti maimakon walda, yadda za a iya juya shi ko a sauya idan ya cinye. Mai saye ta Jiji ko Facebook kuma ya nemi a turo masa bidiyon da aka ɗora tef a kan fil da kaurin ƙarfe, kuma kada ya tura kuɗi sai shi ko wakilinsa ya ga kayan da ido.

Rai da zaman lafiya

Tarakta tana kifewa ta baya cikin ƙasa da daƙiƙa biyu idan aka ɗaura sarƙa a sama da wurin ja aka fizgi abin da ya kafe. Duk abin da za a ja, a ɗaura shi a sandar ja ta ƙasa. Kaya mai nauyi a baya yana sauƙaƙa gaban tarakta har sitiyari ya daina ji, don haka a rataya ƙarafan nauyi a gaba, musamman a hawan Riruwai. Kada taya ta matsa bakin lambatu mai laushi. Kada a ɗauki kowa a kan murfin taya. Idan an tsaya, a sauke kayan ƙasa kafin a kashe inji, kuma kada wani ya shiga ƙarƙashin abin da haidirolik kaɗai ke riƙe da shi.

Idan hanyar ta jama'a ce, a sanar da mai unguwa ko dagaci da sashen ayyuka na ƙaramar hukuma kafin a sa wuƙa, a kuma tambayi inda bututun ruwa ko waya ta bi. Ruwan da aka kora daga hanya gonar wani zai shiga, don haka a zauna da mai gonar a yarda da inda mafitar za ta fuskanta. Ramin da aka ɗebi burji a cikinsa kuma kada a bar shi da baki a tsaye, domin da damina kududdufi yake zama, kuma yara suna zuwa wanka.

Wanda ke son hanyarsa ta karɓi motar kakar bana, aikinsa na farko yana cikin watan Agusta, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi: ya ɗauki waya da katako mai mita 2 ya fita ya ga inda ruwan ya bi. Idan awon ya nuna babu doro, wuƙar baya yake nema. Idan ramuka da layukan taya ne suka yi yawa, a ƙara da haƙora. Idan hanyar ta nutse ƙasa da gonaki, kuɗin ya tafi ga tirela da burji. Idan kuwa siffarta tana nan, gargada ce kawai, tsofaffin tayoyi huɗu da sarƙa sun wadatar har wata damina.